Garin da aka kafa a kan rumbun wasu: nazarin Jamestown, 1607 zuwa 1624

A tsakiyar watan Mayun 1607, maza da yara 104 daga Ingila suka sauka a wani tsibiri mai fadama a gefen kogin da suka raɗa wa sunan sarkinsu, James, a yankin da yau ake kira jihar Virginia ta Amurka. Da jirgin guzuri ya dawo musu a Janairun 1608, mutum 38 ya tarar da rai. Yawancin sauran ba kibiya ce ta kashe su ba. Yunwa ce da ciwon ciki, a bakin kogi mai cike da kifi, kusa da daji mai barewa, a cikin ƙasar da dubban mutane suka daɗe suna noma suna ci. Wannan shi ne abin da ya sa lamarin Jamestown, garin da suka kafa a wurin, ya cancanci a zauna a duba shi da kyau. A ganina babbar matsalar garin tun daga Landan aka ƙulla ta: an shirya zaman mutane a wata ƙasa bisa zaton cewa masu ƙasar ne za su riƙa ciyar da su.

Kamfani ne ya tura su

Sarki James na Ɗaya bai kashe kuɗin baitulmali a wannan tafiya ba. A watan Afrilun 1606 ya ba wa wasu attajirai da manyan gari takardar izini, suka kafa Kamfanin Virginia na Landan, kowa ya zuba hannun jari yana jiran riba. Abin da suke hange a fili yake. Sifaniyawa sun kwashi zinariya da azurfa a Meziko da Peru, su ma Ingilishi suna son nasu rabon. Suna kuma fatan samun kogin da zai ratsa nahiyar ya fitar da su tekun da ke kaiwa ƙasar Sin. Ga kuma fatan gano mutanen Ingila da aka bari a tsibirin Roanoke a 1587, waɗanda aka koma a 1590 ba a tarar da ko ɗaya ba.

Takardar umarnin da kamfanin ya ba wa matafiyan ta ƙunshi shawarwari masu hankali. An ce su shiga can cikin kogi don kada jiragen Sifen su auka musu ba shiri, kuma an gargaɗe su da kada su zauna a wuri mai ƙasa-ƙasa da damshi saboda cuta. An ware wasu da za su yi shuka. Amma akwai wata gaɓa a cikinta da ta tona asirin shirin gaba ɗaya: an ce su yi maza su sayi hatsi daga 'yan ƙasar tun kafin su gane cewa zama aka zo yi. Ke nan masu shirin sun san guzurin ba zai kai ba, sun kuma san masu ƙasar ba za su yi maraba da zaman ba, duk da haka suka ɗora rayuwar mutane a kan cinikin.

Jirage uku, Susan Constant da Godspeed da Discovery, suka bar Landan a Disamban 1606 a ƙarƙashin Kyaftin Christopher Newport. Iska ta tsare su kusan mako shida a gaɓar Ingila, sannan suka bi doguwar hanya ta tsibiran Kanari da Karibiyan. Sai ranar 26 ga Afrilu suka shiga mashigin Chesapeake. Abincin da ya kamata ya riƙe su har kaka, an cinye kaso mai yawa a kan ruwa.

Sunayen shugabanni kuwa a cikin akwati aka rufe su, aka ce kada a buɗe sai an isa. Da aka buɗe sai ga sunaye bakwai, cikinsu har da John Smith, wanda a lokacin yana tsare bisa zargin shirya tawaye a jirgi. Su bakwai ɗin ne za su zaɓi shugaba, su kuma tsige shi in sun ga dama. Kafin shekara ta ƙare an tuɓe shugaba na farko, Edward Maria Wingfield, bisa zargin ɓoye abinci, an harbe George Kendall, ciwo kuma ya kashe Bartholomew Gosnold, mutumin da ya fi kowa iya sasanta su.

Wurin da suka zaɓa

Tsibirin ya yi musu kyau ta fuskar soja. Ruwan bakin gaɓa na da zurfi har ana iya ɗaure jirgi a jikin bishiya, kuma babu kowa zaune a wurin. Ba su tsaya tambayar kansu dalilin da ya sa mutanen Paspahegh, masu wannan yanki, ba su gina gari a can ba. Ruwan wurin zartsi ne. Da zafi ya shigo kogi ya ja baya, sai ruwan teku ya riƙa turowa, ƙazantar sansanin kuma ba ta wucewa, tana kai da komowa a gabansu. George Percy, wanda yana cikinsu, ya rubuta cewa in ruwa ya cika gishiri ne zalla, in ya janye kuma sai yauƙi da datti. Shi suke sha, domin ba su haƙa rijiya ba. A watan Agusta kusan kullum ana binne mutum: kumburi, atini, zazzaɓi mai zafi. Abincin kowa a yini bai wuce ɗan awon alkama da na sha'ir da aka tafasa ba, hatsin da tsutsa ta riga ta cinye a cikin jirgi.

Akwai abin da ba su da yadda za su sani. Masana da suka auna zoben cikin tsofaffin bishiyoyin yankin sun gano cewa daga 1606 zuwa 1612 an yi farin da ba a ga irinsa ba cikin kusan shekara 770. Fari ya ƙara wa kogin gishiri, ya kuma rage amfanin gonar mutanen da ake sa ran saye a hannunsu.

An daɗe ana cewa ragwanci ne ya kashe mutanen Jamestown, saboda kusan kashi ɗaya cikin uku nasu 'ya'yan manyan gida ne da ba su saba aikin ƙarfi ba. Ban yarda da wannan bayani gaba ɗaya ba. Bayan harin da 'yan ƙasar suka kai musu a ƙarshen Mayu, cikin ƙasa da mako uku suka sare itatuwa suka kafa kafi mai kusurwa uku, aikin da rago ba zai iya ba. Da yawansu tsofaffin sojoji ne da suka yi yaƙi a Holan da Ailan. Abin da suka rasa shi ne manoma da masunta, kuma sojan wancan zamani ya saba ne a kawo masa abinci, ko ya karɓa da ƙarfi.

Mai ƙasa

Ƙasar ba kango ba ce. Sunanta Tsenacommacah, kuma tana ƙarƙashin Wahunsenacawh, wanda Turawa suka fi sani da Powhatan. Ƙabilu kusan 30 ne ke kai masa gaisuwa, jama'arsa ta kai kimanin mutum 14,000. Mata ke noman masara da wake da kabewa, maza na farauta da kamun kifi. Suna ajiye abin da zai kai su wata kaka, da ɗan rarar da ake kai wa sarki. Ba rumbunan da aka tanada don ɗaruruwan baƙi ba ne.

Powhatan yana da ikon shafe sansanin a daminar 1607 lokacin da masu iya tsayuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Bai yi ba. Da kaka ta yi, mutanensa ne suka kawo masarar da ta ceci sauran. Yana da lissafinsa: baƙin na da jan ƙarfe, wanda a ƙasarsa alamar sarauta ce, suna da gatura da takubba da bindigogi, kuma yana da abokan gaba a yamma. Yana ganin zai iya mai da su wata ƙaramar ƙabila a ƙarƙashinsa. Da aka kama John Smith a Disamban 1607 aka kai shi fadarsa a Werowocomoco, abin da ya nema ke nan, su taso su zauna kusa da shi su riƙa ba shi kayan ƙarfe, shi kuma ya ciyar da su. Labarin da ya shahara cewa 'yarsa Pocahontas ta kwanta a kan Smith ta hana a kashe shi, sai bayan shekaru da yawa Smith ya ba da shi, kuma masana tarihi da dama na shakkarsa. Yarinya ce 'yar shekara 11 ko kusa da haka a lokacin.

Su kuma na Landan irin wannan tunanin suke yi ta ɗaya ɓangaren. A 1608 suka aiko Newport da kambi da alkyabba ja da gado, a naɗa Powhatan a matsayin hakimin Sarki James. Ya ƙi zuwa Jamestown, ya ce shi ma sarki ne kuma ƙasarsa ce, sai dai su su zo. Da suka je ya ƙi durƙusawa, sai da aka danna kafaɗunsa ya ɗan rusuna aka ɗora masa kambin. Ya ba da tsohon mayafinsa da takalmansa tukuici. Kowane ɓangare ya tashi yana ganin shi ne ubangida.

Ciniki ma bai daɗe da daɗi ba. Ma'aikatan jirgi suka riƙa sayar da jan ƙarfe a ɓoye har ya yi arha, masara ta yi tsada. Newport da kansa ya ba da takubba 20 a kan talotalo 20. A farkon 1608, bayan gobara ta cinye sansanin, maimakon gyara da shirin shuka sai kowa ya koma haƙar wata ƙasa mai ƙyalli da aka zaci zinariya ce. Jirgi ya zauna mako 14 ana loda masa ita, ma'aikatansa na cin guzurin da aka kawo wa mazauna. Da aka kai Landan aka gwada, ba ta da wani amfani.

Smith ya karɓi shugabanci a Satumban 1608. Ya kafa dokar cewa wanda bai yi aiki ba ba zai ci ba, ya sa aka haƙa rijiya, aka share gona mai eka 30 zuwa 40, mace-mace suka ragu ƙwarai. Ya rubuta wa kamfani wasiƙa mai zafi yana cewa gara a aiko masa da kafintoci da manoma da masunta da maƙera da magina 30 da a aiko da dubu irin waɗanda yake da su. Ya fi kowa fahimtar matsalar. Sai dai masarar da ta riƙe garin a zamaninsa, da bakin bindiga ya karɓi mai yawa daga ciki. A Janairun 1609 ya cafki gashin kan Opechancanough, ɗan'uwan Powhatan, ya ɗora masa ƙaramar bindiga a ƙirji a gaban jama'arsa har sai da aka cika masa kwalekwale. Mutumin bai manta ba.

Hunturun yunwa

A 1609 kamfani ya sami sabuwar takardar izini, ya sayar da hannun jari a kan fam 12 da sule 10, ya tara jama'a da wa'azi da talla. Jirage tara suka tashi a watan Yuni da mutum 500 ko fiye. Guguwa ta tarwatsa su a teku. Babban jirgin, Sea Venture, wanda ke ɗauke da sabon gwamna Sir Thomas Gates da Sir George Somers da kaso mai tsoka na guzuri, ya daki duwatsun Bermuda. An zuba shugabannin duka a jirgi ɗaya. Yawancin sauran jiragen suka iso Jamestown a watan Agusta da ɗaruruwan bakuna, ba gwamna, ba isasshen abinci, kuma lokacin shuka ya wuce.

Aka rarraba sababbin zuwa wurare don rage nauyi, su kuma suka shiga ƙwace gonaki da tone kaburburan sarakunan ƙabilar Nansemond. Albarushi ya ƙone Smith a cinya, ya koma Ingila a Oktoba. Powhatan ya ga abin ya isa. Bai kawo hari a kan igwa ba. Ya hana sayar da masara, ya sa aka kashe aladun da Turawan suka saka a wani tsibiri, ya kuma zuba maharba a kewayen kafin, duk wanda ya fito neman abinci a harbe shi. John Ratcliffe ya je sayen hatsi da mutum kusan 50, aka kashe shi da yawancinsu. Francis West ya samo masara a arewa, a bakin kogin Potomac, amma shi da mutanensa suka juya jirgin suka nufi Ingila da ita.

Percy, wanda shugabanci ya faɗo a kansa, ya bar bayanin abin da ya biyo baya. An ci dawakai, sannan karnuka da kyanwoyi da ɓeraye da macizai. An dafa takalma da fatu. An tone gawawwaki. Wani mutum ya kashe matarsa mai ciki ya sa wa namanta gishiri, aka kama shi aka ƙone shi. An daɗe wasu na cewa ƙarin gishiri ne na masu son ɓata sunan kamfani, har sai da masu tonon tarihi a ƙarƙashin William Kelso, waɗanda suka gano ainihin wurin kafin a shekarun 1990, suka tono ƙoƙon kai da ƙashin ƙafar wata yarinya 'yar kimanin shekara 14 a 2012, a cikin tarin ƙasusuwan dawakai da karnuka. Saran wuƙa da ke jikin ƙashin ya nuna an yanke naman bayan ta mutu, kuma saran farko na goshi na mai ɗari-ɗari ne, hannun wanda bai taɓa yin irin wannan aiki ba. Duk lokacin da na tuna wannan yarinya, ina tuna cewa wani ne a Landan ya amince a sa ta a jirgi ba tare da tabbacin abin da za ta ci ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne, a Point Comfort, bakin mashigi, tafiyar da ba ta fi yini biyu ba a kwalekwale, akwai wasu 'yan sansanin da ke zaune lafiya, ƙaguwa ta yi musu yawa har suna ba wa aladu. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Kusan uku cikin huɗu na mutanen da ke cikin kafin suka mutu a wannan hunturu.

Su Gates ba su mutu a Bermuda ba. Sun yi wata tara suna sassaƙa ƙananan jirage biyu, Deliverance da Patience, suka iso a Mayun 1610 suna zaton za su tarar da gari. Mutum 60 suka tarar, fata da ƙashi, an ciccire ƙofofi da katakon gidaje an yi makamashi. Gates ya lissafa abincin da ya rage, ya ga bai wuce na 'yan makonni ba. Ranar 7 ga Yuni aka kwashe kowa aka bar garin, shi ne ya fita a ƙarshe don kada a cinna masa wuta. Washegari, suna gangarawa, suka haɗu da kwalekwalen Lord De La Warr, babban gwamnan da kamfani ya naɗa, wanda ya iso da sababbin mutane da guzurin shekara. Ya umarce su su juya.

Takobi, sannan taba

Maganin da kamfani ya kawo shi ne mulkin soja. De La Warr ya buɗe yaƙi. A Agustan 1610 Percy ya jagoranci hari a garin Paspahegh, aka ƙone gidaje, aka sare masara, aka jefa 'ya'yan sarauniyar garin a kogi aka harbe su, daga baya ita ma aka kashe ta. Percy da kansa ya rubuta wannan. A cikin gida kuma Gates da Sir Thomas Dale suka shimfiɗa dokokin da suka tanadi kisa a kan satar abinci, da ciniki da 'yan ƙasa ba izini, da gudu zuwa wurinsu. Mutane na gudu ɗin, domin can akwai abinci.

Abin da ya fara sauya lissafi abu biyu ne. A 1614 Dale ya yanka wa tsofaffin mazauna eka uku-uku, kowa ya noma nasa maimakon a zuba a rumbun kamfani. Kafin nan kuma, a 1612, John Rolfe ya gwada irin tabar da ta fito daga yankin Karibiyan da Kudancin Amurka, mai laushi fiye da ta gida. Turawan suka sace Pocahontas a 1613, ta auri Rolfe a Afrilun 1614, aka sami 'yan shekaru na lafawar yaƙi, daidai lokacin da taba ke kama ƙasa. A 1617 an kai Ingila laba kusan 20,000, kuma gwamnan da ya iso a shekarar ya tarar an shuka taba har a kan tituna da filin kasuwa. A shekarar ne Pocahontas ta rasu a Gravesend ta Ingila.

Taba ta kawo kuɗi, amma ba ta kawo abinci ba. Sai da aka kafa dokar tilasta wa kowa shuka masara, kuma aka ci gaba da nemanta a wurin 'yan ƙasa. Ga shi taba na gajiyar da ƙasa cikin 'yan shekaru, tana son sabon fili da hannaye masu yawa. Daga 1618 duk wanda ya biya kuɗin jirgin mutum ɗaya ana ba shi eka 50, sai masu hali suka riƙa kwaso talakawa da marayun titunan Landan su yi musu bauta na shekaru. A ƙarshen Yulin 1619 majalisar wakilai ta farko ta zauna a cocin Jamestown. Bayan 'yan makonni jirgin White Lion ya tsaya a Point Comfort da 'yan Afirka ashirin da 'yan kai, mutanen yankin Angola da aka ƙwato daga wani jirgin bayi na Fotugal mai zuwa Meziko. Da kayan abinci aka saye su.

Powhatan ya rasu a 1618, iko ya koma hannun Opechancanough. Gonakin taba sun riga sun bazu a gefe biyu na kogin, a kan filayen masarar jama'arsa. Da safiyar 22 ga Maris 1622 mutanensa suka shiga gidajen Turawa kamar yadda suka saba zuwa ciniki, suka kashe mutum 347 a yini ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna. Yunwa da cuta suka kashe fiye da haka a shekarar da ta biyo. Turawan suka mai da martani da ƙone gonaki a lokacin kaka, kuma a 1623 suka kira taron sulhu suka ba da giya mai guba, mutum kusan 200 suka mutu.

A Landan masu hannun jari sun rabu gida biyu suna tona wa juna asiri. Cacar da kamfani ke tara kuɗi da ita an hana ta a 1621. Binciken da fada ta sa aka yi ya nuna cewa daga cikin mutum wajen 6,000 da aka tura tun 1607, waɗanda ke raye ba su fi 1,200 da 'yan kai ba. A Mayun 1624 kotu ta soke takardar izinin, Virginia ta koma hannun sarki kai tsaye, masu jari ba su ga ribar da aka yi musu alkawari ba. Mai karatu a ƙasar Hausa zai gane wannan salo, domin ta haka aka shigo mana: Kamfanin Neja ya sami takardar izini a 1886, ya share hanya da yarjejeniyoyi da bindiga, gwamnatin Ingila ta karɓa a farkon 1900.

Opechancanough ya sake tashi a Afrilun 1644, yana tsoho tukuf ana ɗaukarsa a kan makara, aka kashe Turawa wajen 400. Amma a lokacin sun kai dubbai, asarar ba ta girgiza su ba. An kama shi a 1646 aka kai shi Jamestown, wani mai gadi ya harbe shi ta baya. Yarjejeniyar da magajinsa Necotowance ya sa wa hannu a shekarar ta wajabta masa kai fatun dabbar ruwa 20 kowace shekara ga gwamna, ta kuma haramta wa mutanensa taka ƙasar da ke tsakanin kogin James da kogin York. Wanda aka aika da saƙo sai ya sa wata riga mai zane-zane a matsayin shaida, in ba haka ba dokar ta halatta a harbe shi.